Mati Ratse da Mai Alkyabba

Kwaɗo biyu yake sa wa keken. Duk wanda ya taɓa zama a bakin shagona ya gani da idonsa. Mati Ratse zai turo keken guragunsa tun daga unguwarsu, hannu na juyi, zufa na zuba, ya tsaya a gindin iccen bedin da ke ƙofata, ya sauko da jan gindi, ya zagaye keken da sarƙa, ya danna kwaɗo, ya ƙara danna wani.

Na ce, "Maigida, fisabilillahi wa zai saci keken gurgu?"

Ya ce, "Ɗan Lakwal, ni na san mutanen garin ga. Rabinsu ni na koya masu sana'a."

Ni ne Sale Mai-Gem. Kafin in zama mai gem yaron motar Mati ne ni, shi ya sa har ya koma ga Allah Maigida nake ce mashi. Shi kuma Ɗan Lakwal yake ce mani, wato ɗan boko a bakin mutanen Nijar, don na ɗan leƙa sakandare na fito ba a kore ni ba, ba a kuma neme ni ba. A wurin zaman makoki na ji kowa na ba da labarinsa ana ƙyaƙyatawa, amma kowa sai ya tsaya inda dariya ta ƙare. To ni zan kai shi har ƙarshe, wanda abin ya sosa ya yi haƙuri, ko kar ya yi.

Mati ɗan fito ne, na gasken gaske. Ya ɗauko kayan mutane daga Maraɗi, shinkafa ko atamfa ko taliya, ya sauke su a Jibiya ba tare da ya gaisa da duwan na Nijar ko kwastan namu ba. Bai taɓa bin ƙofar boda ba, ko da motar wayam take. Ya ce bin ƙofa na matafiya ne da masu jinya. Kowace ɓarauniyar hanya tsakanin Daddara da Mazanya ya san ta, wasu ma tayarsa ce ta fara taka su. Maganarsa kullum ita ce, "Ba garin da ba shi da ratse." Nan sunan ya samo asali.

Sai ranar da a-kori-kurarsa ta kife da shi a wata ƙorama, buhuna suka danne mashi baya. Ƙafafun suna nan, ba a yanke ba, amma sun daina jin magana. Bayan an sallamo shi daga asibiti, da kansa ya sallami matarsa. Ba faɗa, ba komai. Ya ce ba zai sa ɗiyar mutane ta ƙare ƙuruciyarta a kwasar fo ba. Ta tafi ƙauyensu can Nijar, bayan Ɗan Isa, tana kuka, da 'yarsu Zulai a hannu, lokacin ko wayo ba ta gama yi ba.

Ni kuwa da mota ta mutu, na yi shekaru ina buga-buga, daga baya na buɗe gidan gem. Lokacin an ƙaddamar da Shari'a da 'yan shekaru, an rufe gidajen giya, masu kiɗa sun tsallaka Nijar, samari ba su da wurin zuwa in sun ajiye babur. Na sayi injin gem na gwanjo wurin masu kawo kayan Kwatano, da talabijin biyu da ƙaramin janareta. Cikin faya-fayan da aka haɗo mani akwai wani da ba irin na ƙwallo ko na dambe ba. Gari ne sukutum a ciki, da tituna da benaye da gada da teku a gefe, kuma ba mai ce maka ga inda za ka. Sakinka ake yi. Jarumin wani ƙato ne mai mayafi ruwan ɗorawa a baya, yana tashi sama, yana ɗaga mota da hannu ɗaya, yana bi ta kan rufin gidaje yana kama miyagu.

Ranar da Mati ya fara gani ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga ai alkyabba ce. Wane sarki ya naɗa shi?"

Shi ke nan, suna ya bi shi. Har yau a Jibiya ba wanda ya san sunan da Turawa suka sa mashi, Mai Alkyabba ne kawai.

Aka miƙa wa Mati hannun gem ɗin, aka nuna mashi inda ake dannawa. Kun san me ya yi? Tafiya. Wallahi tafiya kawai! Mutumin da ke iya tsallake bene da tsalle ɗaya, Mati ya sa shi a gefen titi yana takawa a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure. In ya zo mararraba sai ya tsaya motoci su wuce. Samari suka fara ihu.

"Baba Mati, danna nan ya tashi sama!"

"Ya tashi ya tahi ina?"

"Ai daɗin gem ɗin ke nan!"

Ya ce, "Allah ya ba mutum ƙafa biyu lahiya lau, sai ya bar su suna reto a iska? Wanga bai san abin da gare shi ba."

Shi da bai son a tausaya mashi, nan take ya ƙara da cewa, "Kuma gudun da kuke sa shi, takalmi ke cinyewa. Kun san nawa ake sai da irin wanga but ɗin?"

Tun daga ranar, in Mati ya karɓi hannu, masu jiran layi sai su tafi su ci abinci su dawo.

Gem ɗin da Faransanci yake, tunda ta Kwatano ya biyo. Mati ya ce shi ya iya, ai ya sha zama da jandarman Nijar. Duk rubutun da ya fito a talabijin, a tambaye shi, fassara ɗaya ce.

"Cewa ya yi ina takardunka."

Wata mata ta fito tana kururuwa gidanta na cin wuta, Mati ya ce takardu take tambaya. Aka nuno wani mugu mai kan ƙarfe yana surutu, ya ce wannan babban ofisa ne, shi ma takardu.

Amma abin da ya fi ba samarin haushi shi ne maganar motar nan. A garin, lokaci-lokaci sai ka ga wata farar mota a guje, 'yan sanda na bin ta da jiniya, aikinka ka tare ta. Mati sai ya ja Mai Alkyabba gefe ya ba ta hanya.

"Baba Mati, ɓarawo ne! Tare shi!"

"Kai ka ga abin da ya ɗauko?"

"To me zai ɗauko?"

"Ka sani ko shinkafa ce? Ni ban kama mai neman abincin ɗiyansa." Ya bi motar da kallo har ta sha kwana, ya girgiza kai. "Amma direban ga sakarai ne. Ana bin ka, ka hau kwalta?"

Yawon nan da yake yi, ashe ba na banza ba ne. Bakin garin yake nema. Ya bi babban titi har ƙarshe ya iske shinge. Ya hau gada, a tsakiya Mai Alkyabba ya tsaya cak, ƙafa na tafiya amma ba ya gaba, kamar ya dafa bangon da ba a gani. Ga hanya shimfiɗe a gabansa, ga duwatsu can nesa, amma ba wucewa. Samari suka ce ai nan ne iyakar gem ɗin, masu yin sa ba su yi komai a bayan nan ba.

Mati ya yi wata dariya. "Iyaka? Ni za ku gaya wa iyaka? Ba garin da ba shi da ratse."

Daga nan ya samu aikin yi. Kullum bayan azahar yana nan, yana bin bango yana shafawa, lungu-lungu, kwalbati-kwalbati.

Ana cikin haka wata rana wani malamin unguwa, Malam Hamisu, ya shigo da samari biyu masu sa-kai, irin waɗanda ke zagaya unguwa a lokacin suna duba wuraren taruwar matasa. An kai ƙara cewa a shagona ana nuna wani mutum mai tashi sama kamar aljani, ana koya wa yara duka da ɓarna. Ni kuwa da shagon nan nake ci da iyalina. Aka yi sa'a ko rashin sa'a, hannu na wurin Mati.

Malam ya tsaya a bayansa, ya harɗe hannu, yana jiran ya ga aljani. Mai Alkyabba na tafiya. Ya tsaya mota ta wuce. Ya ci gaba da tafiya. Malam ya gyara tsayuwa.

"Malam Mati, yaushe za a fara?"

"Allah gafarta Malam, ai an daɗe da farawa."

"To ina tashi saman?"

"A hannuna bai tashi. Na hana shi."

Malam ya matso ya ƙura ido. "Wannan wane gari ne? Ban ga hasumiya ko ɗaya ba."

Mati ya ajiye hannun a cinya ya juyo. "Malam, ka zo wurin. Na zaga garin ga kaf, unguwa-unguwa, ba masallaci ko na langa-langa. Shi ya sa nake nema mashi hanyar fita. Hijira za ni yi da shi."

Ɗaya daga cikin samarin ya tuntsire, ya toshe baki da hula. Malam ya yi ta maza, amma gemunsa na rawa. Ya ce mani in riƙa kashe inji in an kira salla, kuma kar in bar 'yan makaranta su shigo da safe. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Malam Mati, in kun isa Madina a yi mana addu'a."

Nan masu ba da labari ke tsayawa. Ni ba zan tsaya ba.

Duk shekarun nan Mati bai ga Zulai ba. Labarinta kawai ke zuwa ta bakin masu babur: ta girma, ta yi aure, ta haihu, tana tambayar ubanta. Ita ba ta zo ba, don an gaya mata shi ya sallame su, tana jin ko ba ya son ganinsu. Shi bai je ba, kuma dalilin kowa ya san shi. Keken guragu ba ya shiga rairayi, kwalta kawai yake bi. Kwalta kuwa ɗaya ce, kuma ta ƙofar boda ta bi. Na ce to a sa shi a mota a bi daji. Ya ce a mota ko dai kai ke tuƙi ko kai kaya ne, shi kuma ba za a loda shi a sauke a ƙofar surukai kamar buhun gero ba.

Na sha yi mashi faɗa. Ran nan na ce, "Maigida, ɗiyarka ce fa. Girman kan nan me zai ba ka?"

Idonsa na kan talabijin ya ce, "Ran da na fitar da Mai Alkyabba daga garin ga, wallahi ni ma za ni tsallaka, ko ta ƙofa ne."

Ya faɗa ne don ya rufe mani baki, a gaban mutane. Ni ma na ɗauka ya rufe ɗin, tunda kowa ya ce ba a fita.

To ya fita. Ina zuba mai a janareta na ji ihu. A bakin tekun garin akwai inda aka jibge kwantenoni jikin wani shinge. Mati ya sa Mai Alkyabba ya matse tsakanin biyu, a karkace, a hankali, yana gogar ƙarfe. Wanda ke tashi sama ba zai taɓa ganin wurin ba. Sai ga Mai Alkyabba a bayan shinge! Samari suka ɗaga kujeru, wani ya fita titi yana kiran mutane.

Mati bai yi murna ba. Ya ci gaba da tura shi gaba. Wajen ba komai. Ba hanya, ba icce, ba mutum, fili ne kawai ruwan toka har iya gani. Da ya waiwaya, ashe benayen nan fuska kawai gare su, bayansu wayam kamar allon talla. Ya yi ta tafiya cikin tokar nan har ihun ya mutu.

Ya ce a hankali, ni kaɗai na ji, "Ɗan Lakwal, in na tahi can ma na iske haka fa? Ba kowa?"

Na ce, "Za ka iske ɗiyarka. Ka rantse, kuma da shaidu."

Bai musa ba. Mutumin da ke lissafin takalmin Mai Alkyabba, ya aike ni kasuwa na sayo mashi sabon takalmi sau-ciki, ya sa wa ƙafafun da ba su taka ƙasa. Ya sayi turmin atamfa, ya sa a akwatin da ke ƙarƙashin kujerar keken, ya danna kwaɗo. Da safe muka kama hanyar Magama, inda boda take, shi a gaba yana juyi, ni a baya kan babur, in an zo hawa in sa ƙafa in tura. Yana ta surutu, yana tambayata ko jikan zai ji tsoron keken.

A ƙofa, wanda ke aiki ranar Oga Bitrus ne, wani dattijon kwastan mutumin kudancin Kaduna, wanda ya sha bin Mati a daji bai kama shi ba. Ya hango mu. Ya ɗaga sandar tare hanya da kansa, ya juya baya, ya kama duba tayar wata tirela da ba abin da ya same ta. Allah ya saka wa mutumin nan.

Namu ne suka yi aikin. 'Yan rumfar da ke gefen hanya, tsofaffin abokan fito da 'yan kamasho, waɗanda Mati ya koya wa hanya. Wani, ba zan faɗi sunansa ba, yanzu har Makka ya je, ya miƙe ya fara tafi.

"Jama'a ku zo ku ga abin mamaki! Mati Ratse ta ƙofa!"

Sai fito, sai shewa. "Ina ratsen, Mati?" "Oga, a caje shi, ƙila da shinkafa ƙarƙashin kujera!"

Tayar gaba ta riga ta shiga ƙarƙashin sandar. Na ga hannunsa ya tsaya. Na ce, "Maigida, kar ka kula su, mu tafi." Ya dubi hanyar Ɗan Isa, ya dubi rumfar. Sai ya yi dariya, har da buga cinya.

Ya ce, "Ku kwantar da hankalinku. Zuwa na yi in ga ko ma'aikata na aikinsu."

Rumfa ta fashe da dariya, an ce Mati ba dama. Ya juya keken.

A hanya na zage shi, zagin da ban taɓa yi wa babba ba. Na roƙe shi, na ce mu dawo da rana tsaka in sun tafi masallaci. Sai da muka shigo gari ya ce, "Gobe."

Goben ba ta zo ba. Gem ɗin ma ya daina karɓa. Zai zo, ya danna kwaɗonsa biyu, ya zauna yana kallon samari na shawagi a sama. In an miƙa mashi hannu ya ce, "Na fitar da shi, me ya saura?" Da damina ta kankama gyambon zama ya kama shi, zazzaɓi ya biyo baya. Wata Laraba bayan la'asar ya cika, makullan keken na rataye a wuyansa.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, sai ga babur ya tsaya, ƙafafun mai shi duk laka. Wata matashiya ta sauko da goyo. Ban taɓa ganinta da girma ba, amma goshin Mati ne sak. Ta durƙusa ta gaishe mu, aka nuna mata ni. Na kai ta zaure inda keken yake, na buɗe akwatin na miƙa mata atamfar, har lokacin tana cikin ledarta. Ta rungume ta ba ta buɗe ba.

Na tambaye ta ko an wahalar da su a boda.

Ta ce, "Ba mu bi ta ƙofa ba, Baba. Mai babur ya ce akwai yanke. Ya ce hanyar ma Ratsen Mati ake ce mata. Na ce wane Mati? Ya ce wani tsohon direba." Ta share ido da bakin mayafi. "Ashe kusa ne. Ko goyon bai farka ba muka iso."

Sai ta ce, "Baba, me ya hana shi zuwa?"

Daga inda nake ina hango tabarmar waje. Mai tafin nan na zaune a kai, ya naɗe hannun riga yana cin gumbar sadaka, yana ba da labarin hijira ana dariya. Na juyo gare ta. Sannan na ce, "Rairayi ne, ɗiyata. Keke ba ya shiga rairayi. Amma ya taso, wallahi ya taso. Har takalmi ya saya."

Na nuna mata su a gefen keken, ƙasansu ko ƙwarzane babu.

Inji na nan har yau, ko da yake yara sun koma waya. Na sha kunna shi in je wurin kwantenonin nan, na matsa ta kowane gefe, ban taɓa samun wurin ba.

Allah ka ji ƙan Maigida. Ka yafe mashi taurin kai da abin da ya ɗauko a duhun jahilci. Ka tashe shi a kan ƙafafunsa. In ya iso ƙofar Aljanna, ya Allah, ka sa ya iske ta a buɗe ba kowa zaune a gefe, ya shige kai tsaye, kar ya tsaya neman ratse. Amin.